Boila ta hana mu sakat, ga jariri a ɗaki, ga sanyin Manchesta

Wasiƙa

Assalamu alaikum. Ina zaune a Manchesta cikin gidan haya mai bene. Ban daɗe da haihuwa ba, kuma surukata Hajiya ta zo daga Katsina don wankan jego. Boilar gas ɗinmu irin wadda ke liƙe a bangon kicin ce, mai ba da ruwan zafi nan take ba tare da tanki ba. Duk bayan kwana biyu ko uku allurar gejinta mai nuna matsin ruwa sai ta faɗi kusan sifili, ta mutu. Wani maƙwabci ya koya wa maigidana ƙara mata ruwa, in ya ƙara sai ta tashi, amma na lura idan ta ɗau zafi allurar na haurawa har cikin ja. Radiyetocin sama, wato ƙarafan jikin bango da ruwan zafi ke bi ta ciki su ɗumama ɗaki, ƙasansu da zafi samansu da sanyi, ta ɗakin Hajiya kuwa sanyi ƙalau. Ranar da aka tashi da ƙanƙara ta ƙi kamawa sam, alhali allura na daidai, sai wata ƙara take kamar ana kurkure baki, ba ta tashi ba sai da rana ta ɗaga. Mun kira ejan gidan, kullum "za a turo wani". Abokin maigidana mai gyaran wutar lantarki ya ce zai buɗe ta a kan fam 40. Hajiya kuma ta ce a sayo gawayi a hura kasko a ɗakina kamar yadda ake yi a gida, ni kuma ina jin nauyin yi mata musu. Yaya zan yi?

Mai jego, Manchesta

Amsa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Za mu fara da maganar gawayi, domin duk sauran abin da kika lissafa na iya jira zuwa gobe, wannan kuwa ba ya jira. Kada gawayi ya shiga gidan nan, ko da kasko ɗaya ne, ko da na minti goma ne. Hajiya ba ta faɗi abin da ba ta sani ba: a Katsina ɗaki na da kafofin da iska ke shiga ta fita, ta ƙarƙashin ƙofa, ta taga, ta rufi. Gidan Ingila an gina shi ne don ya riƙe iska, taga gilashi biyu, ƙofa da roba a gefenta. Garwashi na fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma yana ci gaba da fitar da ita ko bayan hayaƙi ya ɗauke, har lokacin da ya yi toka-toka ana ganin ya mutu. Jini na kama wannan iska fiye da yadda yake kama iskar shaƙa sau ɗari biyu da wani abu, kuma jariri ne farkon wanda take kayarwa. Ita ce dai iskar da ke kashe iyali guda cikin dare idan aka kwana da janareta a cikin gida, labarin da Hajiya ba ta rasa ji ba. Ta wannan ƙofar za a shigo mata. Kuma ba ke za ki faɗa ba, ɗanta ne zai zauna da ita ya yi mata bayani, ya sayo mata abin da zai maye gurbin kaskon: hita ta lantarki mai ɗauke da mai a ciki don ɗumama ɗaki, da kaskon turare na lantarki idan turaren wuta take son yi miki. Haka nan kada a kunna murhun gas ko a buɗe oben don ɗumama kicin.

Ɗakin jariri ma ba ya son zafi irin wanda Hajiya ke nufi. Abin da ma'aikatan lafiya a Birtaniya ke ba da shawara shi ne digiri 16 zuwa 20 a ɗakin da yake kwana. Sauran gida, tsakanin 18 da 21 ya wadatar.

Yau ɗin nan ki duba ko akwai ƙararrawar kabon monoksaid a kicin ɗin da boilar take. Daban take da ta hayaƙi da ke manne a silin. Tun 1 ga Oktoban 2022 doka a Ingila ta wajabta wa mai ba da haya sa ta a ɗakin da ke da boilar gas. Ki danna maɓallin gwajinta ki ji ta yi ƙara. In babu, kada ki tsaya jiran ejan, ku saya, ba ta da tsada, ku tabbatar akwai lambar EN 50291 a jikinta, a ajiye ta mita ɗaya zuwa uku daga boilar. Idan ƙararrawar ta yi kuka, ko mutanen gida suka tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya lokaci guda, suna samun sauƙi in sun fita waje, a kashe boila, a buɗe tagogi, kowa ya fita, a kira 0800 111 999, layin gaggawa na gas, kyauta ne dare da rana. Wanda ya galabaita a kira masa 999, layin motar asibiti ta gaggawa. Layin gas ɗin, 0800 111 999, shi ne kuma ake kira in an ji warin gas. A lokacin kada a taɓa makunnin wuta, kunnawa ko kashewa, a je mita a juya hannun bawul ɗinta ya gicciye bututu, wato ya rufe.

To, mu zo kan allura, domin a nan ainihin ciwon boilarki yake, kuma ke da kanki kika kawo alamar da ta fi kowace muhimmanci: haurawarta cikin ja idan ta yi zafi.

Ruwan da ke zagaya radiyetoci ba shi ne na famfo ba. Rufaffen ruwa ne, an ɗura shi an kulle, shi ke ta kewayawa shekara da shekaru. Idan komai na sanyi, allura ta kamata ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 a geji. Ruwa in ya yi zafi yana kumbura, lita 100 kan ƙaru da lita biyu zuwa uku, kuma dole wannan ƙarin ya sami wurin zuwa. Saboda haka aka sa wani ɗan tanki a cikin boilar, yawanci mai cin lita 8 zuwa 10, an raba cikinsa biyu da fatar roba: gefe guda ruwa, gefe guda iska da aka hura masa zuwa wajen 1. Ruwa ya kumbura sai ya danna robar, iskar ta matse ta ba shi wuri. A lafiyayyar boila allura kan ɗaga kaɗan ne kawai, daga 1.2 zuwa 1.6 ko 1.8, ta koma in an huce.

Idan iskar tankin nan ta tsiyaye, ko robar ta fashe, ruwa ba shi da wurin zuwa. Allura sai ta yi ta hawa har 3. A daidai 3 akwai wani bawul na kariya da ke buɗewa da kansa ya amayar da ruwan waje don kada wani abu ya fashe. In aka kashe ɗumama, ruwa ya huce ya tsuke, abin da aka amayar ya tafi ke nan, allura ta faɗi ƙasa da 0.5, boila ta kulle kanta don kada ta ƙone a bushe. Maigidanki ya ƙara ruwa, gobe a sake. Bisa bayaninki, wannan ne muka fi zato da nisa.

Kuna iya tabbatarwa ba tare da kun kwance ko ƙusa ɗaya ba. Ku fita waje bayan bangon da boilar take. Za ku ga wani siririn bututun jan ƙarfe, kaurinsa milimita 15, ya fito ya lanƙwasa bakinsa yana kallon bango ko ƙasa. Wannan bututu ya kamata ya kasance a bushe ƙayau kullum. Ku ajiye roba ko gwangwani a ƙarƙashinsa, ba tare da toshe bakinsa ba. Da safe kafin a kunna ɗumama ku ɗauki hoton geji, ku sake ɗauka bayan minti 30 da kunnawa, ku sake bayan awa guda, sannan ku leƙa gwangwanin. Allura ta haura 2.5 kuma ga ruwa a gwangwani, magana ta ƙare.

Akwai wani abu da ke kama da wannan da ya kamata a kawar tukuna. Tiyon da maigidanki ke ƙara ruwa da shi, wanda aka saƙa masa rigar ƙarfe mai ruwan azurfa a ƙarƙashin boilar, bawul biyu gare shi, ɗaya a kowane baki. In aka bar ɗaya bai rufu sosai ba, ruwan famfo zai yi ta sulalowa ciki, allura ta hau har 3 ko boilar na kashe. Bambancin ke nan: matsalar tanki tana hawa ne da zafi kawai, ta tiyo tana hawa dare da rana. Ya duba hannun bawul ɗin biyu sun gicciye bututu.

Idan kuwa allura ba ta wuce 2 ba, gwangwani ma a bushe, amma matsi na ci gaba da sauka, to yoyo ne a wani wuri. A bi radiyetoci ɗaya bayan ɗaya da takardar goge hannu, a shafa ƙarƙashin bawul ɗin kowace da mahaɗin bututu, lokacin da suke sanyi, domin in da zafi ɗigon kan bushe kafin a gan shi. Kore-koren tsatsa a jan ƙarfe, tabo a silin na ƙasa, katakon daɓe da ya kumbura, duk shaida ne.

Kafin mai gyara ya zo, ba laifi a ci gaba da ƙara ruwa don kada ku kwana cikin sanyi, amma a yi shi daidai. A kashe boila a bar ta ta huce. A buɗe bawul na farko duka, na biyu a hankali har a ji ruwa na shiga, ido na kan allura. Tana kaiwa 1 ko 1.2 a rufe duka biyun. Kada a kai ta 2 da tunanin za ta fi daɗewa. Iyakacin abin da hakan zai yi shi ne ta isa 3 da wuri ta zubar. Wasu boilolin maɓalli na roba suke da shi a maimakon tiyo, ƙa'idar dai ɗaya ce. Wata dabara ta ɗan lokaci: a rage zafin ruwan ɗumama a fuskar boilar, wurin da ke da hoton radiyeta, zuwa wajen digiri 55 ko 60. Ruwan da bai yi zafi sosai ba ba ya kumbura sosai, kuma irin boilarki ta fi tsimin gas a wannan zafin ko da lafiyarta ƙalau.

Amma ki sani ƙara ruwa kullum ɗibar ruwa ne da kwando, kuma yana da nasa lahani. A cikin rufaffen ruwan nan akwai maganin hana tsatsa da aka zuba. Duk amayarwa na fitar da shi, duk ƙari na shigo da sabon ruwa mai iska. Ƙarfen radiyeta sai ya fara ci daga ciki, ya zama baƙar laka da ke toshe injin tura ruwa da siraran hanyoyin boila. Lafiyayyen gida sau ɗaya ko biyu a shekara ake ƙara masa ruwa. Iskar da ta taru a saman radiyetocinki ma daga nan take.

Gyaran kansa ba babba ba ne. Injiniya zai zubar da matsin boilar, ya gwada tankin ta wani bawul irin na tayar mota. In iska ce kawai ta fita, ya hura masa da famfon hannu. In ruwa ya fito ta bawul ɗin, roba ta fashe, sai sabon tanki, ko a ɗaura wani a waje idan na cikin na da wuyar ciro. Yawanci har da bawul na kariya ake canzawa, domin da zarar ya buɗe sau da yawa, datti kan maƙale a bakinsa ya ƙi rufuwa ruf, ya yi ta ɗiga ko an gyara tankin.

Duk wannan a bayan murfin boila yake, kuma a nan iyakarku take. Abokin maigidanki a gode masa, a ba shi haƙuri. Araha ba ta ado. A Birtaniya dokar kiyaye gas ta 1998 ta haramta wa kowa yin aikin gas a matsayin sana'a sai mai rajista da Gas Safe Register, hukumar da ta karɓi aikin daga tsohuwar hukumar CORGI a 2009. Iya gyaran wutar lantarki ba ya ba mutum wannan izini. A boiloli da yawa murfin nan shi kansa ne ke raba hayaƙin ƙonewa da iskar kicin ɗinki, in aka mayar da shi robar gefensa ba ta zauna ba, kin koma maganar da muka fara da ita. Ban da haka, boilar ba taku ba ce. In ya ɓata wani abu, mamallakin gidan zai ɗora muku kuɗin, ya cire daga kuɗin ajiyarku, alhali gyaran tun farko a wuyansa yake, ba ku da asarar ko fam ɗaya.

Abin da ya faru ranar ƙanƙara kuwa wata matsala ce daban, kuma wannan kuna iya maganinta da kanku. Tun 2005 kusan duk boilar gas da ake kafawa a Ingila irin mai tatse zafin hayaƙinta ce, tana mayar da tururi ruwa, wanda kan kai lita ɗaya zuwa biyu a awa idan tana aiki sosai. Ruwan na fita ta wani bututun roba, fari ko toka-toka, zuwa magudana. Kada a rikita shi da na jan ƙarfe da muka ambata. Wannan ɗigarsa ita ce lafiyarsa. Idan ya bi ta waje kuma sanyi ya sauka ƙasa da sifili, ruwan kan daskare a ciki, galibi a gwiwa ko a bakin ƙarshe. Ruwa ya koma baya ya taru a boila, ki ji wannan ƙarar kurkure baki, wuta ta ƙi kamawa. Rana ta ɗaga ƙanƙara ta narke, ta tashi. A ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018, da aka yi matsanancin sanyin nan da ya taso daga gabas, gidaje masu ɗimbin yawa a Birtaniya wannan ne kaɗai ya kashe musu ɗumama.

In ta sake, a cika buta da ruwan ɗumi, wanda hannu zai iya jurewa, ba tafasasshe ba, domin tafasasshe na iya tsaga robar. A zuba a jikin bututun daga waje, a fara daga bakin ƙarshe a yi sama, a daɗe a kan gwiwoyi. Buta uku ko huɗu kan isa, wani lokaci za a ji ƙanƙarar ta zubo. Ana iya kuma ɗora gorar roba ta ruwan zafi a wurin na ɗan lokaci. Sai a koma ciki a danna maɓallin sake tayar da boila. A kula da ruwan da ya zuba a ƙasa, nan da nan yake zama santsi, kuma in bututun na sama inda sai da tsani, a bar shi. Maganin dindindin na mamallakin gida ne: bututun da ke waje ya zama mai faɗin milimita 32 ko fiye, a naɗe shi da soson da ruwa ba ya ratsawa, ko a karkatar da shi ya bi ta cikin gida. Da yawa an sa na milimita 22 tsirara, shi ne ke daskarewa.

Duk lokacin da boilar ta mutu, kafin a danna komai, ki ɗauki hoton haruffan da ke fuskarta. Su ne bakinta. Kowane kamfanin boila da nasa haruffan: ƙarancin ruwa a Vaillant F22 ne, a Ideal F1, a Baxi E119. Ƙin kamawar wuta kuwa F28 ne a Vaillant, L2 a Ideal, E133 a Baxi, EA a Worcester. Wannan rukuni na biyu ba daskarewa kaɗai ke kawo shi ba, rashin gas ma na kawowa, don haka a gwada murhu. In shi ma bai kama ba, a duba mita. Mai mitar biya-kafin-amfani ya tuna ana cire kuɗin tsayuwa na kowace rana ko ba a ƙona gas ba, kuma bayan an loda kuɗi mitoci da yawa ba sa sakin gas sai an kashe duk kayan gas an danna maɓallin da fuskar mitar ta nuna. In fuskar boila ba ta nuna wata matsala ba amma ɗumama ta ƙi zuwa, a canza batiran na'urar saita zafi da ke bango, a duba agogonta, musamman bayan Lahadin ƙarshe ta Oktoba da ake mayar da agogo baya. Maɓallin sake tayarwa sau biyu, iyaka uku. In ta ci gaba da kullewa, da dalilinta.

Saura radiyetoci. Sama sanyi ƙasa zafi iska ce ta taru ta hana ruwa cikawa. Ɗan makullin sakin iska ake nema, ana samunsa a duk shagon kayan gini da kuɗi kaɗan. A kashe ɗumama a jira su huce. A saman kowace radiyeta, can gefe, akwai ɗan ƙaramin kai mai kusurwa huɗu. A tara tsumma a ƙasa, a sa makulli a juya hagu kwata ko rabin zagaye, kada a wuce haka, in ya fito gaba ɗaya mayar da shi ruwa na feshi aiki ne. Za a ji iska na huci. Da ruwa ya fara fitowa a jere, a rufe, ba da ƙarfin tsiya ba. A fara da na ƙasa a ƙare da na sama. Bayan kowace biyu a leƙa geji, domin sakin iska na sauke allura, in ta kusa sifili a ƙara ruwa kafin a ci gaba. Ruwan da ya fito ki kalle shi: in baƙi ne kamar tawada, ki ɗauki hotonsa. Radiyetar da ƙasanta da tsakiyarta ke sanyi samanta da zafi, wannan lakar ce ta kwanta, makulli ba ya yi mata komai, sai an wanke. In kin ji boila na ƙugi kamar za ta tafasa, a Landan da kewaye farar ƙasar da ruwan famfo ke bari a cikin bututu ake fara zargi, amma ruwan Manchesta daga tafkunan Thirlmere da Haweswater yake zuwa, ba shi da ita sosai, don haka a wajenku laka ce ta fi kusa.

Ta ɗakin Hajiya, mai sanyi daga sama har ƙasa, zatonmu ɗakin baƙi ne da aka daɗe da rufe bawul ɗinsa. Ki duba farin kan nan mai lambobi 0 zuwa 5 a gefenta. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan tsinken ƙarfe da ke danne hanyar ruwa, in ya yi watanni a danne sai ya maƙale. A murɗa kan zuwa 5, a kwance zoben da ke riƙe da shi da hannu, a ɗaga shi. Ruwa ba ya fita. A danna tsinken da bayan cokali. Lafiyayye na nutsewa milimita biyu ko uku ya dawo da kansa. In ya ƙi, a yi ta dannawa ana saki, ana ɗan ƙwanƙwasa jikin bawul ɗin daga gefe da ƙotar sukundireba. Kada a ja shi da filaya, in ya zare ruwa zai biyo. Yana saki za a ji bututu ya fara ɗumi cikin minti kaɗan. A mayar da kan a sa shi a 3, wajen digiri 20 ke nan. Sa shi a 5 ba ya sa ɗaki saurin ɗumi, hana shi tsayawa kawai yake. In tsinken lafiya lau, a duba bawul na ɗaya gefen mai hular roba, wataƙila a rufe yake. A buɗe shi rabin zagaye a jira.

Game da ejan, daina kira za ku yi ku koma rubutu. Sashe na 11 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ya ɗora gyaran kayan ɗumama gida da na ruwan zafi a kan mamallaki, kuma babu yarjejeniyar hayar da ke sauke masa wannan. Lokacin da doka ke ƙirga masa yana farawa daga ranar da aka sanar da shi, shi ya sa imel mai kwanan wata ya fi kira goma. Ku rubuta gajere: ranar da abin ya fara, ranakun da kuka kira, hotunan geji da na haruffan fuskar boila, cewa bututun kariya na zubar da ruwa, cewa akwai sabon jariri da dattijuwa a gidan. Ku nemi injiniya mai rajista cikin awa 24, da hitar lantarki ta aro kafin nan. Ku nemi kuma kwafin takardar binciken gas ta shekara-shekara. Wajibi ne a yi binciken duk wata 12, a ba ɗan haya kwafi cikin kwana 28, sabon shiga kuma kafin ya tare. Ejan da ya san takardarsa ta wuce lokaci ba ya jan ƙafa bayan wannan tambaya.

In sun yi shiru, ku kai ƙara sashen kula da gidajen haya na kansil ɗinku, wato ƙaramar hukumarku. Dokar gidaje ta 2004 ta lissafa tsananin sanyi cikin haɗurran da kansil ke da ikon tilasta wa mai gida gyarawa. Ƙungiyoyin agaji na Shelter da Citizens Advice na ba da shawara kyauta. Abin da ba za ku yi ba shi ne riƙe kuɗin haya don haushi, domin bashin haya hujja ce da za a iya fitar da ku da ita. Ki kuma kira kamfanin da ke sayar muku da gas ki ce a sa ku cikin rajistar masu buƙatar kulawa ta musamman. Gidan da ke da yaro ƙasa da shekara biyar ya cancanta, kuma kyauta ne.

Hitar lantarki kuwa a soket ɗin bango kai tsaye ake sa ta, ba a jona ta da doguwar waya mai baki da yawa, a nisanta ta mita guda daga gado da labule, kuma ba a shanya kayan jariri a kanta. Mai kilowat 2 na cin yunit biyu a awa idan tana ci ba tsayawa, don haka ɗaki ɗaya ko biyu za a ɗumama a rufe ƙofa.

Ranar da injiniya ya zo, ki nemi katinsa tun a bakin ƙofa, ba rashin kunya ba ne, sun saba. Akwai hotonsa da lamba mai alƙaluma bakwai da ranar ƙarewa, a baya kuma an jera irin aikin da aka yarje masa. Ki ga akwai boila a ciki. Ana iya tantance lambar a shafin Gas Safe Register. Ku nuna masa hotunan, ku faɗa masa gaskiyar yawan ruwan da aka yi ta ƙarawa, domin ya san maganin tsatsa ya ƙare ya zuba sabo. Ku tambaye shi ko ya gwada tankin, ko ya canza bawul na kariya, ko akwai matatar maganaɗisu a bututun dawowar ruwa da ke bukatar wankewa, sannan ku fita da shi ya ga bututun robar da ke daskarewa ya rubuta a rahotonsa. Bayan tafiyarsa ki sa ɗan tef a gilashin geji daidai inda allura ta tsaya da sanyi. Ki duba kowace safiya har mako guda kafin a kunna. In tana nan a kan tef, kuma da zafi ba ta wuce 2 ba, an gama. In ta sauka alhali gwangwanin waje a bushe yake, akwai yoyo a ƙarƙashin daɓe ko a cikin boilar kanta, sai ku mayar da amsa a kan wancan imel ɗin na farko da sabon hoto, domin kwanan watan farko ya ci gaba da ƙirguwa.